Neman haƙƙin rauni shekara 20 bayan Kurmuk

Tun da labari ya bazu a Maiwurno, garinmu a Sudan, cewa gwamnati ta soma biyana kuɗin rauni, ba a rasa mai sallama a ƙofar gidana. Wasu tsofaffin sojoji ne irina, wasu 'ya'ya ne da suka zo a madadin uban da ba ya iya tashi, wasu kuma waya suke bugowa daga Gadarif da Kasala da ƙauyukan Damazin. Duk tambayarsu ɗaya: ta ina ake farawa? Bakina ba zai kai ko'ina ba, shi ya sa na zaunar da babban ɗana, ina faɗa yana rubutawa. Na bi wannan hanya daga ƙarshen 2017 zuwa farkon 2019, wato kafin yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 ya tarwatsa Khartum, ya kori ma'aikatu zuwa Bur Sudan da wasu garuruwa. Ofisoshi sun canza mazauni, amma abin da ake nema a kowannensu yana nan, wato takardar da za ta ɗaure ciwon da ke jikinka da aikin da ka yi. Mu tsofaffin soja gani muke tabo ya isa shaida. A ofis kuwa ba a duba tabo sai takarda ta riga shi shiga.

Na shiga soja a 1989, shekarar da Umar al-Bashir ya karɓi mulki, ina saurayi, gonar gidanmu ta yi mana kaɗan. Ina Juba a 1992 lokacin da dakarun John Garang suka kutsa garin sau biyu a tsakiyar shekara, Allah ya fitar da ni ba ko ƙwarzane. Daga baya aka mayar da mu kudancin jihar Nilu Shuɗi, daf da iyakar Habasha. A watan Janairun 1997, da 'yan SPLA, wato dakarun Garang, da abokan ƙawancensu suka kama Kurmuk da Gesan, muna ja da baya sai dana, wato harsashin igwa, ta faɗo kusa da ramin da muke. Mutum biyu suka cika nan take, Allah ya jiƙansu. Ni ɓaraguzan ƙarfe suka shige ni a ƙugu da cinyar hagu, kunnen hagu kuma ya yi ta zubar da jini. A bayan lori aka kai ni Damazin, daga can aka wuce da ni Silah Ɗibbi, asibitin soja da ke Umdurman. Likitoci suka ciro abin da zai ciru, suka ce sauran ya yi kusa da gaɓa, barinsa ya fi taɓa shi. Sun kula da ni sosai, wannan ba zan ɓoye ba. Da na warke na koma bariki aka ba ni aikin sito, tunda doguwar tafiya ta gagare ni, har 2001 da na ajiye kaki. Aka ba ni takardar sallama da mukafa'a, wato kuɗin barin aiki, a dinari, na sayi kwale-kwale da taru. A wancan lokacin babu wanda ya gaya mini cewa mai rauni yana da damar tsayawa gaban ƙomsiyon, wato kwamitin likitocin da ke auna rauni, kafin ya tafi. Ƙananan sojoji irinmu, da yawa ba su wuce makarantar allo ba, abin da aka miƙo shi ake dangwala wa yatsa.

Na shekara da shekaru ina lallaɓawa, su a kogi da rani, noman dawa da riɗi da damina. Ƙugun kan tashi idan sanyi ya shigo, in sha magani ya lafa. Kunnen kuwa tun ranar bai daina ƙara ba, kamar kukan gyare da tsakar dare. A daminar 2017 ne abin ya fi ƙarfina. Na kasa sunkuyawa in yi noma, salla ta koma a kan kujera, kuma idan mutum ya yi magana ta hagu sai na juyo masa da ɗaya kunnen. Uwargidana ce ta fara tayar da maganar. Ta ce, "Malam, ƙarfen nan ba a gona ka samo shi ba. Waɗanda suka tura ka su ya kamata su ɗauki nauyinsa." Abin ya yi mini nauyi, don a wajenmu namiji ba ya son a gan shi da sanda yana bin ofis-ofis. Sai ta tuna mini da damgar jarih, wato harajin nan da mutane suka yi shekaru suna biya a kan takardun gwamnati da sunan masu rauni, har da mu a cikin masu biyan. Bayan an yanke riɗi na sayar da wani kaso, na haɗa da tumaki biyu, na ware kuɗin a matsayin na wannan tafiya. Bai isa ba, amma da shi aka fara.

Matakin farko bai shafi soja ba ko kaɗan. Ina riƙe da tsohuwar takardar jinsiya, wato shaidar zama ɗan ƙasa, amma yanzu komai da raƙam waɗani, lambar ɗan ƙasa, ake yi, ba shi ba ko fayil ɗinka ba za a buɗe ba. Na karɓi takardar shaidar zama daga lajna, wato kwamitin unguwa, na tafi Sinja tare da baffana, domin ana son shaida daga dangin uba, wanda shi ma yake da tasa lambar. Bahaushe ya shirya wa ƙarin tambayoyi a nan. Wani ma'aikaci, yaro ne sa'ar ɗana, ya yi ta juya takarduna yana tambayar inda aka haifi kakana. Baffa ya gyara zama ya ce masa, "Ɗana, kakanninmu sun sauka gaɓar kogin nan tare da Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru bayan yaƙin Burmi na 1903. Sudan sai 1956 ta sami 'yanci, ta same mu a nan." Ni na ajiye masa takardar sallamata ta soja a kan tebur, ban ce komai ba. Abin ya sosa mini rai, har yanzu in na tuna ina jin zafinsa, amma faɗa a wurin ba ya fitar da takarda. Aka ɗauki hoto da zanen yatsu. Wani abu da ya kamata a lura da shi tun daga nan: yawancinmu ba mu da takardar haihuwa, ta tasnin gare mu, wadda likita ya ƙiyasta shekaru aka rubuta 1 ga Janairu. Ka tabbata shekarar da za a sa maka ta yi daidai da wadda ke takardar soja. Tawa ta dace, amma na ga wanda bambancin shekara biyu ya tsayar da fayil ɗinsa.

Da lambar ta fito na nufi barikin da ya fi kusa da mu. A bakin ƙofa na faɗi numrata, wato lambata ta soja, da ka, ba tare da duba takarda ba, sai mai gadin ya sassauto, ya nemo mini kujera. A ciki aka ce mini fayilolin waɗanda suka bar aiki a shekarunmu ba sa wurinsu, suna Khartum. Abin da za su iya shi ne ba ni wasiƙar turawa. Wani tsohon saje da ke ofishin ya ja ni gefe ya ce kada in tafi sai na sa ardahalji, mai rubuta wa mutane takardun ofis, ya rubuta mini ƙorafi mai kyau, kuma ya lissafa mini abin da dole ya shiga ciki: numra, rundunar da nake a lokacin rauni ba wadda na yi sallama daga ita ba, wata da shekara, wurin da abin ya faru, da asibitocin da aka kwantar da ni bi da bi. Masu rubutun suna nan zaune a inuwa gaban kotu da ofisoshi, kuɗinsu ba yawa. Ka sa a karanta maka abin da aka rubuta kafin ka sa hannu, in Larabcin ofis yana ba ka wuya ka tafi da yaron da ya yi makaranta.

Na hau mota daga Sannar, muka bi ta Madani har Mina Barri, babbar tashar mota ta Khartum. Ɗan yayata da ke sayar da agashe, wato tsire, a unguwar Mayo shi ya sauke ni, ya bar mini gadonsa ya koma tabarma. Wanda ba shi da masauki a babban birni ya lissafa wannan tun daga gida, don kwana da ci da kuɗin hafila, wato bas, sun fi duk kuɗin takardu cinye aljihu. Farkon 2018 ne, kuɗin burodi ya ninka, an karya darajar fam, dala ta koma fam 18 a hukumance, ba a jima ba kuma layin mai ya cika gari, motocin haya suka yi wuya. Shi ya sa ba zan faɗi farashin komai ba, lissafin wancan lokacin ba zai amfani kowa yau ba. Ofishin da ake ajiye fayilolinmu, a lokacin bayan sallar Asuba ake sammako a rubuta suna a wata takarda da masu jira suke zagayawa da ita a tsakaninsu. Mai shayin da ke bakin titi ta fi kowa sanin wace taga ce ke aiki da wace ce mai ita ya tafi hutu. Wajen ƙarfe goma zuwa sha ɗaya ana rufe taga a tafi faɗur, wato karin kumallo, wanda bai shiga kafin nan ba sau da yawa sai gobe. Juma'a da Asabar ba aiki, Alhamis kuma rabin rana ce a aikace, don haka wanda zai zo daga nesa ya iso ranar Asabar ya fara da Lahadi.

Aka yi ta ce mini in dawo, har ranar da aka fito da fayil ɗin, kwalinsa ya yi ja don tsufa, da hotona ina saurayi a maƙale. Na daɗe ina kallon hoton. Magatakardan ya ɗora raƙam waɗanina a gefe, ya duba nan ya duba can, ya ce wannan ba ni ba ne. A nan ne Hausawa da yawa suke maƙalewa, don haka zan tsaya a kai. Sunan hukuma a Sudan huɗu ne: naka, na uba, na kaka, na uban kaka. Ranar da aka ɗauke mu soja, wanda ke rubutu ya tambaya muka faɗi sunan da aka san iyayenmu da shi a gida. Mai Garba ya ce Garba, mai Audu ya ce Audu, mai Shehu ya ce Shehu. A takardun da aka yi daga baya kuwa sai aka rubuta Abubakar da Abdullahi da Usman. Ga kuma sunaye irin su Ɗanjuma da Tanko da Cindo, waɗanda kowane magatakarda yake rubuta su da harafin Larabcin da ya ga ya fi kusa. Mu mun san mutum ɗaya ne, takarda ba ta sani ba. A nawa, sunan kakana ne ya bambanta. Na fito na zauna a gindin bango, gwiwata ta yi sanyi. Ɗan yayata ya ce, "Kawu, tashi mu je, wannan kotu ce maganinsa, na ga an yi wa wani maƙwabcinmu." Haka kuwa aka yi. Ana kiransa ishhad shar'i: ka je gaban alƙali da shaidu biyu masu raƙam waɗani, su rantse cewa mai wannan suna da mai wancan mutum ɗaya ne, a buga hatimi. Dattawa biyu 'yan garinmu mazauna Mayo suka bar sana'arsu suka raka ni, Allah ya saka musu. Duk kuɗin da ka biya a kotu ko a ofis, ka karɓi rasit na urnik 15, wato rasit ɗin gwamnati. Wanda ya ce ka ba shi a hannu ba rasit, ba gwamnati kake biya ba.

Na mayar da takardar kotu aka karɓa, sai babbar matsalar ta fito. Fayil ɗin yana da ranar shigata, da ƙarin girman da aka yi mini zuwa kofur, da hutun da na ɗauka, da sallama. Babu ko layi ɗaya da ya ce an taɓa raunata ni. Takardun rundunarmu na wancan watan sun salwanta a ja da bayan da muka yi, ba wanda ya sake rubuta su. Ga ƙarfe a jikina, ga fayil yana cewa lafiya lau na shiga, lafiya lau na fita. Daren nan ban runtsa ba. Wani musa'id, wato sajemanje, mai furfura da ya daɗe a ɗakin ajiyar ne ya buɗe mini hanya. Ya ce rauni yakan bar sawu a wuri uku: rajistar asibitin da aka kwantar da mutum, ishara da runduna take aikawa sama da sunayen matattu da masu rauni, da kuma mutanen da suke wurin. Ya ce in sami biyu daga ciki, zai fi kyau in sami ukun.

Na fara da asibiti. A Umdurman wata ma'aikaciyar ɗakin rajista ta ɗauki abin da muhimmanci, ta sa aka sauko da manyan littattafan 1997, muka yi ta bin shafi-shafi. Abin da ya taimaka shi ne na tuna a cikin azumi aka kawo ni, kuma a gadon asibiti na yi ƙaramar salla. Da wannan muka rage shafukan har muka ga numrata, da rubutun likita a gefe cewa raunin ɓaraguzan dana ne a ƙugu da cinya. Kunne bai shiga rubutun ba, kuma wannan ya dawo mini daga baya. Aka ba ni kwafi da hatimi. Isharar ba a same ta ba. Saura mutane, kuma nan ne shekara 20 ta nuna kanta. Wanda ya ɗaure mini raunin a ramin ɗan Kudu ne, an sallame su daga soja da ƙasar ta rabu a 2011, ya koma can, ba ni da hanyar samunsa. Wasu sun rasu. Na sami ɗan dufa'armu ɗaya, wato wanda aka ɗauke mu soja tare, mutumin Dutsen Nuba da ke gadi a Haj Yusuf, shi ya kama ƙafafuna aka jefa ni lori. Da ya gan ni ya rungume ni muka yi kuka a gaban mutane. Ta wajensa aka shigar da ɗana wani zauren WhatsApp na tsofaffin rundunar, a nan aka samo lambar hafsan da ke jagorantarmu a ranar, ya yi ritaya tuni. Na buga masa ina ɗari-ɗari. Na ce, "Janabu, kofur ɗinka ne na Kurmuk, Bahaushen nan mai kiran salla." Ya yi shiru, sannan ya kira ni da laƙabin da suke kirana da shi. Ya rubuta shaida da hannunsa, ya sa numrarsa da muƙaminsa, ya kuma zo da kansa ranar da aka zauna binciken. Ba kowane hafsa zai yi haka ba, amma kada kunya ta hana ka nema.

Bayan an amince raunin a bakin aiki ya faru, sai aka ba ni takardar zuwa ƙomsiyon. Kafin zama sai an yi gwaje-gwaje, kowanne da ranarsa da layinsa. Hoton ƙashi ya nuna ƙarafan fari tas, ya kuma nuna gaɓar ƙugun ta cinye. Likitan ya bayyana mini cewa gaɓar da ta taɓa samun rauni takan riga 'yar'uwarta lalacewa, shi ya sa ciwon ya ƙaru da shekaru. Ya gargaɗe ni da abin da nake son duk mai ƙarfe a jiki ya riƙe: kada a shigar da kai na'urar hoton nan mai maganaɗisu, wadda ake kira ranin, sai ka gaya musu akwai ɓaraguzai a jikinka, domin tana iya motsa su. Gwajin kunne a wani ɗan ɗaki ake yi da ba a jin motsin waje, a sa maka abin ji a kunnuwa, ka danna maɓalli duk lokacin da ka ji sauti. Suna maimaita sauti ɗaya sau da yawa, wanda ya yi ƙaryar kurumta nan take ake gane shi, kuma ya ɓata sauran maganarsa. Aka ce fatar dodon kunnen ta warke tuntuni, amma jijiyar jin ta lalace, ita kuwa ba ta dawowa.

Ranar zaman, muna jere a benci, masu sanda da masu ƙafar roba da wani da 'yarsa ke ja saboda ba ya gani. Wani dattijo da ya riga ni zuwa ya dafa ni ya ce, "Dufa'a, in sun ce yaya jiki, kada ka ce alhamdulillahi ka yi shiru. Ka gode wa Allah, sannan ka gaya musu ba ka iya ruku'u." Wannan ita ce shawara mafi amfani da na samu a duk tafiyar. An tarbiyyantar da mu a gida kada mu yi raki, a bariki kuma an koya mana cewa amsar da ake ba hafsa ita ce tamam, wato komai lafiya. Likitocin nan hafsoshi ne, da ka ga taurari a kafaɗa sai jikinka ya miƙe da kansa, ka ɓoye ɗingishin da ka zo nunawa. Na shiga, suka sa na yi tafiya, na zauna, na ɗaga ƙafa, suka auna iyakar inda gaɓar take lanƙwasawa. Na faɗa musu abin da na daina iyawa ɗaya bayan ɗaya: noma, jan taru, hawa jaki, tsugunno a bayan gida, jin liman daga sahun baya. Ɗayansu ya tambaye ni barci. Ban taɓa gaya wa kowa ba sai uwargidana, amma na ce masa har yau ina firgita cikin dare, kuma tsawar damina takan sa in nemi wurin ɓuya. Bai yi dariya ba, ya rubuta, ya tura ni wurin likitan ƙwaƙwalwa. Na je, kuma maganin da ya ba ni ya taimaka. Na san da yawa daga cikinmu suna ɗauke da wannan suna kiransa iska ko sammu. Ku yi addu'a, ku kuma faɗa wa likita.

Daga nan sai jira, a gida na yi shi, ɗan yayata yana leƙa mini. Da takardar ta fito abu biyu ne a cikinta masu nauyi. Na farko nisba, wato adadin nakasa, aka ba ni kashi 40 cikin 100. Na biyu jimlar da ta ce raunin ya faru a lokacin aiki kuma ta dalilin aiki. Kowa idonsa na kan lambar, amma jimlar ce take buɗe ƙofar kuɗi, in babu ita lambar ado ce. Ƙugu da cinya sun shiga. Kunnen an rubuta shi amma ba a ɗaure shi da aiki ba, tunda littafin 1997 bai ambace shi ba, kuma shekaru ma suna rage ji. Ana iya ɗaukaka ƙara, an gaya mini, amma kuɗina ya ƙare, ƙarfina ma haka, na karɓi abin da ya samu. Lissafin kuɗina daga ranar hukuncin ƙomsiyon aka fara shi, shekarun da ke tsakanin 1997 da ranar ba su shiga ba. Duk mai jinkiri ya san wannan.

Ofishin ma'ash, wato fansho, ya ce in buɗe asusun banki, na buɗe a Sannar. Kuɗin farko ya shigo ƙarshen 2018, daidai lokacin da bankuna suka rasa takardar kuɗi. Sai ka kwana a layi a ba ka ɗan abin da aka ƙayyade, ko a ce babu. Ranar 19 ga Disamba zanga-zanga ta tashi a Atbara kan burodi, ranar 6 ga Afrilun 2019 jama'a suka yi zaman dirshan gaban hedikwatar soja, ranar 11 aka sauke Bashir. Waɗanda fayilolinsu ke bayan nawa sun daɗe suna jira saboda hanyoyin wurin duk a rufe suke. Gaskiya kuɗin bai taɓa riƙe gida ba, hauhawar farashi ta cinye shi tun kafin yaƙi. Abin da ya fi mini amfani shi ne katin magani da ya biyo baya, wanda ya rage mini kuɗin asibiti ni da iyali. Masu yankakkiyar ƙafa su tambayi cibiyar gaɓoɓin roba ta ƙasa, wadda Red Cross ta daɗe tana tallafa wa, a lokacin tana da rassa har a Damazin da Gadarif da Kasala.

A bakin kowane ofis akwai masu cewa sun san wani a ciki. Na ga wani ɗan'uwanmu daga Gadarif da ya ba irin wannan mutumin kuɗin shanunsa da ainihin takardar sallamarsa, bai sake ganin ko ɗaya ba. Waɗanda suka taimake ni da gaske, sajen nan da musa'id da matar ɗakin rajista, babu wanda ya nemi ko kuɗin shayi. Ainihin takarda ba ta barin hannunka, kwafi ake bayarwa, in an dage sai an ga ta asali ka nuna ka karɓe abarka. Duk takardar da ka miƙa, ka nemi lambar shigarta da kwanan wata ka rubuta a ɗan littafi, da wannan lambar ake nemo fayil idan ya ɓace tsakanin ofis da ofis. Kafin ka kashe kuɗin mota, ka shimfiɗa duk takardunka a tabarma, a karanta sunaye huɗun da shekarar haihuwa harafi-harafi, in akwai bambanci a gyara shi a kotun garinku inda shaidu suke kusa.

Maganar shaidu ita ta fi damuna yanzu. 'Yan dufa'armu suna ta tafiya ɗaya bayan ɗaya. Ko ba ka shirya neman komai bana ba, ka nemi wanda kuke tare ranar da aka raunata ka, ku je kotu ya ba da shaida a rubuce tun yana da rai, kai ma ka yi masa. Ka sa ya ambaci kowane wuri da ka ji ciwo, har da kunne da ido, kada a tsaya kan raunin da ya fi zubar da jini. Sannan a ɗauki hoton kowace takarda da waya a aika wa 'yan'uwa a garuruwa daban-daban. Mun ga abin da ya faru a Rusairis da Damazin a watan Yulin 2022, da aka ƙone gidajen Hausawa, mutane suka fito da kayan jikinsu kawai. Cikin waɗanda suka zo wurina akwai tsohon soja da takardunsa duka suka ƙone a can, kuma hoton da 'yarsa ta taɓa ɗauka a waya shi ne kaɗai abin da ya rage masa da numrarsa a jiki.

Sai batun iyali, wanda a ofishin ma'ash aka ja hankalina a kai. Idan mai ma'ash ya rasu, matarsa da ƙananan 'ya'yansa suna da haƙƙi, amma sai sunayensu suna cikin fayil, kuma sai matar ta nuna ƙasima, wato takardar shaidar aure. Aurarrakinmu da yawa a masallaci ko a zaure aka ɗaura su, da goro da fatiha, ba wanda ya je wurin ma'azun, mai ɗaura aure a hukumance, ya karɓi takarda. Namu ma haka yake. Muka je kotu da mutum biyu da suka halarci ɗaurin auren, alƙali ya tabbatar da shi, aka ba mu takarda, na kai kwafinta tare da raƙam waɗanin uwargida da na yaran aka saka a fayil. Mai mata biyu ko uku, kowace da tata takardar daban za a yi.